Yadda ake shirya yajin aiki tun kafin guguwar ta iso ƙasarku

Duk wanda ya bi labaran duniya daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 zai tuna yadda zanga-zangar adawa da gwamnatoci ta dinga ci kamar wutar daji, yau ka ji Sudan gobe ka ji Aljeriya, kafin ka gama karanta na Hong Kong sai ga Iraƙi da Ekwado da Labanon da Chile sun kama duk a cikin watan Oktoba ɗaya. Kuma in ka ji abin da ya kunna wutar sai ka ce ai bai taka kara ya karya ba. A Chile ƙarin peso 30 aka yi a kuɗin jirgin ƙasa na cikin Santiyago, a Labanon haraji aka ce za a ɗora wa kiran WhatsApp, a garin Atbara na Sudan kuɗin burodi ne ya ninka uku. Sai 2022 Siri Lanka ta ɗauka, 2024 kuma Kenya da Bangaladash.

To yanzu zauna ka yi lissafin abin da talaka ya tashi da shi. Al-Bashir ya faɗi amma Sudan tana cikin yaƙi tun Afrilun 2023. Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya gudu daga Siri Lanka har mutane suka yi wanka a kwarmin iyo na fadarsa duniya ta gani, majalisa ta zaɓi Ranil Wickremesinghe, kwana ɗaya da rantsar da shi ya tura jami'an tsaro suka tarwatsa sansanin masu zanga-zangar, sannan aka zauna da IMF aka ci gaba da tsuke bakin aljihu a wuyan waɗanda suka fito ɗin. Masar kuwa an kori Mubarak a 2011 an wayi gari da Sisi a 2013. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan.

Ni abin da na fahimta kwamared, gwamnatin 'yan jari hujja tana iya jure ihu, tana da barkonon tsohuwa tana da dokar hana fita tana da haƙurin jiran ku gaji. Abin da yake hana ta barci shi ne kwantena ta kwana a tashar ruwa babu mai sauke ta, tankar mai ta tsaya babu lodi, banki ya buɗe babu mai zama a kanta. Can ne kuɗinsu yake fitowa kuma hannunmu ne yake juya shi. Wannan ƙarfin kuma ba a haɗa shi ranar da gari ya ruɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka ga yadda ake fara aikin tun gari yana lafiya.

Ka fara da inda kake karɓar albashi. Na san wannan ba shi da armashi kamar ɗaukar kwali a babban titi, amma nan ne ka san mutane suka san ka. Samu littafi, na takarda fa, kar ka saka a waya, ka rubuta sunan kowa da kowa da yake aiki a wurin, sashe sashe, masu aikin safe da masu aikin dare, har masu shara da masu gadi da direbobi da 'yan kwantiragi waɗanda kamfani yake cewa wai ba ma'aikatansa ba ne. A gaban kowane suna ka rubuta da wa yake zama lokacin hutu, wa yake rantawa kuɗi, in matsala ta same shi wajen wa yake fara zuwa. In ka yi haka na sati biyu za ka ga wasu sunaye ƙalilan suna ta maimaita kansu, to su ne shugabannin wurin na gaskiya, kuma yawanci ba su ne masu zafin baki ba. Sau da yawa wata dattijuwa ce da ta shekara ashirin a kan inji ɗaya, ba ta cika magana ba, ƙila ma ba ta son jin kalmar yuniyan saboda an taɓa cin amanarta, amma ranar da ta ajiye aiki layinta gaba ɗaya zai ajiye. Ita za ka nema, mai ihu ai dama naka ne.

In ka je wajenta kar ka je da lacca a kan jari hujja da mulkin mallaka, wallahi mu 'yan gurguzu wannan ne ciwonmu, mutum ya tambaye ka ƙarfe nawa sai ka faro masa daga juyin juya halin Rasha na 1917. Tambaya za ka yi ka rufe bakinka. "Yaya, da za a ce ki canza abu ɗaya a wurin nan me za ki canza?" Za ta ce kuɗin ƙarin lokaci da ake cinye musu, ko iskar da babu a ɗakin, ko wani sufabaiza mai wulaƙanci. Sai ka ce "wa yake da ikon gyara shi? me ya hana shi?" sai kuma "in ke kaɗai kika je me zai faru, in mu duka muka je fa?" Ka bari ita ta faɗi amsar da bakinta. Kuma kar ka ɓoye mata haɗarin, ka gaya mata manaja zai kira mutane ɗaya bayan ɗaya ofis, zai ce 'yan waje ne suke zuga ku, zai yi wa wasu ƙarin girma na dare ɗaya, in ta ji daga bakinka tun kafin ya faru to ranar da ya faru kai za ta ƙara yarda da kai.

Wani zai ce ni ai ba ni da ofis ba ni da masana'anta. Gaskiya ne, sama da rabin ma'aikatan duniya ba su da takardar ɗaukar aiki, amma littafin nan dai shi ne, sai dai a maimakon sashe ka rubuta layin kasuwa ko tashar mota ko lungun unguwa. A Bolibiya a 2003 kwamitocin unguwanni na garin El Alto ne suka toshe hanyoyin shiga La Paz a rikicin iskar gas har shugaban ƙasa Sánchez de Lozada ya sauka ya bar ƙasar.

Kafin ka ambaci yajin aiki ka gwada mutanenka da abu ƙarami. Takardar koke da kowa zai sa hannu da sunansa, ko a ce ranar kaza kowa ya ɗaura ƙyalle kala ɗaya, ko duk a shiga ofishin manaja tare minti biyar a miƙa takarda a fito. Sannan ka koma littafinka ka ƙirga wa ya yi wa bai yi ba, sashen da bai yi ba kuma ka san ba ka samo shugabansu ba tukuna, ka koma. Ni na taɓa cin wannan dukan a wani wuri da na yi aiki, muka buɗe guruf a WhatsApp, kowa yana turo hoton dunƙulen hannu da wuta, na ce ai an gama, ranar da muka sa aka taru a bakin ƙofa waɗanda suka zo ba su cika benci biyu ba, kuma kafin azahar hirar guruf ɗin gaba ɗaya tana kan teburin manaja an buga ta a takarda har da sunayenmu. Tun daga ranar ba na ƙirga wanda bai kalli idona ya ce zai zo ba. In gwaji bai nuna maka mafi yawan mutane sosai ba, ba rabi da ɗan ɗoriya ba, to kar ka kira yaji, yajin da rabi suka shiga rabi suna aiki jerin sunayen waɗanda za a kora ne kawai ka haɗa wa kamfani kyauta.

Sai kuma ka nemo maƙogwaron abin. Ko wane wurin aiki yana da inda in an riƙe komai zai tsaya, ƙila ɗakin gyaran inji ne mai mutum shida, ƙila masu lodi ne. Haka ko wace ƙasa. Ka tuna Maris na 2021 da jirgin ruwa ɗaya tal ya maƙale a mashigin Suwez kwana shida cinikin duniya ya rikice, wannan fa hatsari ne kawai babu wanda ya shirya. A Iran an yi wata da watanni ana zanga-zanga a 1978 sojoji suna harbi Shah, sarkin ƙasar, yana nan daram, ma'aikatan mai ne da suka rufe famfo a ƙarshen shekarar suka karya masa ƙashin baya, a Janairun 1979 ya fice. A Tunisiya rassan ƙungiyar ƙwadago ta UGTT suka kira yajin gama-gari a Sfax ranar 12 ga Janairu 2011, a Tunis ranar 14, a daren ranar shugaban ƙasa Ben Ali ya hau jirgi ya gudu.

Na Masar ya fi koyar da ni komai, don mutane dandalin Tahrir kawai suke tunawa. Amma tun Disamban 2006 a masaƙar gwamnati ta Mahalla al-Kubra, mai ma'aikata sama da dubu ashirin, mata masu ɗinki suka fara ajiye aiki a kan kuɗin bonas da aka yi musu alkawari aka hana, suka zagaya harabar suna kiran maza su fito, aka fito, aka ci nasara. Daga nan yajin aiki ya dinga yaɗuwa masana'anta zuwa masana'anta shekara huɗu, har ranar 6 ga Afrilu 2008 mutanen Mahalla suka tattake hoton Mubarak a titi. Da 2011 ta zo an yi sati biyu a Tahrir gwamnati ta fara cewa a bar su su gaji, sai a kwanakin ƙarshe ma'aikatan bas na Alƙahira da na masaƙu da na kamfanonin mashigin Suwez da asibitoci suka tsunduma yaji, ranar 11 ga Fabrairu sojoji suka ce wa Mubarak ya isa. Shekara huɗun nan na rigima a kan bonas da alawus su ne makarantar. Rosa Luxemburg, marubuciya 'yar gurguzu, ta lura da wannan tun bayan juyin 1905 na Rasha, cewa rigimar albashi da rigimar siyasa ciyar da juna suke yi, kuma babu wani sakatare da zai zauna a ofis ya ba da umarni miliyoyi su tashi. Don haka kar ka raina faɗan da kuke yi a kan fanka ko safar hannu.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa, wa yake riƙe da yajin. In an fara, ranar farko a zaɓi kwamitin yaji, ko wane sashe ya turo nasa wakili da hannunsa, kuma a amince tun farko duk wakilin da ya kauce sashensa zai iya sauke shi a mitin na gaba ba sai an jira wani zaɓe ba. A dinga taron kowa da kowa kullum da safe, a faɗi abin da ya faru jiya, a faɗi nawa ya rage a asusu, a ɗaga hannu a kan a ci gaba ko a tsaya. Kullum fa. Zai gundure ku, za a yi ta maimaita magana, wani zai tashi ya yi minti ashirin bai ce komai ba, duk da haka a yi.

Dubi Faransa sau biyu. A 1995 gwamnatin Firayim Minista Juppé ta taɓo fansho, ma'aikatan jirgin ƙasa suka ajiye aiki, ko wace safiya a ko wace tasha suna taruwa su jefa ƙuri'ar ƙara kwana ɗaya, aka yi sati uku babu jirgi, mutanen Faris suna tafiya aiki a ƙafa da keke, gwamnati ta janye batun fanshon. A 2023 Macron ya ce za a ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, mutanen da suka fito titi ko a lissafin gwamnati sun haura miliyan ɗaya a rana guda, amma shugabannin ƙungiyoyi suka yanka abin gunduwa gunduwa, ranar fita 14 daga Janairu zuwa Yuni, yau a fita gobe a koma aiki sai kuma wani satin. Masu kwashe shara na Faris da ma'aikatan matatun mai sun yi ƙoƙari sun riƙe nasu, amma aka bar su su kaɗai. Macron ya duba kalanda ya ga zai iya jira, ya bi ta sashe na 49.3 na kundin tsarin mulki ya wuce da dokar ko ƙuri'a ba a kaɗa ba a majalisar wakilai.

Ban ce shugabannin yuniyan duk maciya amana ba ne, kuma ban ce ka fita daga yuniyan ba, ka shiga ka biya kuɗinka ka yi takara ma. Amma kujerarsu ta sulhu ce, aikinsu su kai ku teburi su dawo da ku bakin aiki, in abu ya fi ƙarfin teburi tsoro yake ba su kamar yadda yake ba gwamnati. A Birtaniya a 1926 kwana tara aka yi ana yajin gama-gari yana ƙara ƙarfi, uwar ƙungiya ta TUC ta janye ba tare da ta karɓo komai ba, aka bar masu haƙar kwal su kaɗai har yunwa ta mayar da su bayan wata da watanni. Maganin wannan shi ne tattaunawa a fili.

A nan sai na kawo Gdansk ta ƙasar Folan, Agustan 1980. An kori Anna Walentynowicz mai tuƙa ƙugiyar ɗaga kaya a masana'antar ƙera jiragen ruwa, saura mata 'yan watanni ta yi ritaya, ranar 14 ma'aikata suka zauna dirshan a cikin masana'antar suka ƙi fita. Ranar 16 hukuma ta yarda da ƙarin albashi da mayar da ita, jagoran yajin Lech Walesa ya sanar an gama, mutane suka fara nufar ƙofa, sai wasu mata ciki har da ita Anna da wata nas Alina Pienkowska suka ruga bakin ƙofofi suna roƙon mutane su tsaya, saboda ƙananan wurare da direbobin motocin haya da suka shiga yajin don mara musu baya in an watse murƙushe su za a yi. Waɗanda suka tsaya suka kafa kwamiti ɗaya na duk masana'antun yankin, suka rubuta buƙatu 21 a jikin katako suka rataye a ƙofa, suka hana shigo da giya kwata-kwata, kuma da wakilan gwamnati suka zo tattaunawa aka jona lasifika duk abin da ake faɗa a ɗakin ma'aikata suna ji a tsakar fili, wasu suna naɗa a kaset su kai wa nasu wurin. Wa zai sayar da kai kana jinsa? Ranar 31 aka sa hannu. (Kuma ka lura gwamnatin da suka yi wa wannan cewa take ita ta ma'aikata ce, shi ya sa ni tuta ba ta ruɗa ni. Ƙarshen labarin ma ba daɗi, bayan 1989 manyan tafiyar suka rungumi sayar da kadarorin gwamnati, masana'antar da aka faro abin ta karye a 1996.) Yau ko lasifika ba kwa buƙata, waya ɗaya ta isa. In an ce dole sai a sirrance, to wakilanku su fito duk bayan zama su karanta abin da aka ce, kuma kar a sa hannu a komai sai taro ya ɗaga hannu.

Buƙatu kuma a taƙaita, waɗanda yaro zai iya haddacewa, kuma wanda zai amsa ya san e ko a'a zai ce. "A gyara ƙasa" ba buƙata ba ce. A saka abin da zai taɓa na ƙasa da kowa, ɗan kwantiragi da mai shara, don su ake fara ɗaukowa a karya yaji da su, in babu nasu a ciki me zai sa su ƙi? Ta nan ne kuma ake shigo da ƙabila da addini da ɗan ƙasa da baƙo, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. 'Yan Labanon sun gane wannan a 2019 da suka ce dukkansu ana nufin dukkansu, wato kowa ya haɗa da ɓarawon ɗariƙarsa a cikin waɗanda za a kora. Kuma ko me za a sauke a teburi kar a sauke sharaɗin cewa ba za a kori kowa ko a hukunta shi saboda yajin ba, a rubuce.

Sai maganar ciki, wadda 'yan boko ba sa son yi. Yawanci kuɗin haya da kukan yara ne suke karya yaji tun kafin ɗan sanda ya iso. A fara tara asusu tun yanzu ko da kaɗan kaɗan ne duk wata, mutum uku su sa hannu kafin a fitar da ko sisi, a karanta lissafi a bainar jama'a. A san wa matarsa ta kusa haihuwa, wa yake sayen magani duk wata, su za a fara tallafawa. A je gidaje a yi wa iyali bayani don wanda ake yi wa faɗa a gida ba zai daɗe a bakin ƙofa ba. Manoman Indiya da suka yi sansani a kan iyakokin Delhi daga Nuwamban 2020 sun shekara cur saboda sun mayar da tirelolin tarakta ɗakin kwana, suna girki na bai ɗaya da kowa zai ci har ɗan sanda in ya zo, ƙauyuka kuma suna karɓa-karɓa wasu su je gona wasu su zauna, ranar 19 ga Nuwamba 2021 Firayim Minista Modi ya sanar da janye dokokin noma ukun da suke adawa da su, su kuma ba su kwashe kayansu ba sai da majalisa ta soke su. A duba lokaci ma. Masu haƙar kwal na Birtaniya sun yi shekara guda daga Maris na 1984, jarumta iya jarumta, amma Firayim Minista Thatcher ta riga ta tara kwal a tashoshin wuta kuma an fara ne ana fita daga sanyi, wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Ku kuma ja jama'ar gari a jiki, musamman in aikinku na asibiti ne ko makaranta ko ruwa. Malaman makaranta na jihar West Virginia a Amurka da suka rufe makarantu a duk gundumomi 55 a 2018, a jihar da doka ba ta ba su damar yaji ba, sai da suka haɗa wa yaran talakawa abincin da suka saba samu a makaranta, iyaye suka tsaya musu. Da shugabanninsu suka fito suka ce gwamna ya yi alkawarin ƙarin kashi 5 a koma aji, malaman suka ce a'a sai sun ga an sa hannu ya zama doka, suka ƙara kwanaki har aka sa. Ku ma kwamitinku ne zai yanke wane aikin gaggawa za a bari yana tafiya, kar ku bar wa manaja.

Danniya kuwa za ta zo, kar ka yi wa kowa alkawarin ba za ta zo ba. Shugaban Amurka Reagan ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da 11,000 da suka shiga yaji a 1981 a tashi ɗaya, sauran ƙungiyoyi suna kallo. Ku san dokar ƙwadago ta ƙasarku ciki da bai, kwana nawa ake ba da sanarwa, wane aiki aka hana yaji, ko da za ku yanke shawarar tsallake ta ku tsallake da saninku. Ku sami lauya tun kafin a kama kowa, kowa ya haddace lamba ɗaya a ka, ko wane ɗan kwamiti ya kasance da mataimaki da ba a sani ba wanda zai ɗauka in an ɗauke shi. Duk wanda ya ɓullo jiya jiya yana cewa a ƙona a fasa ku sa masa ido ku raka shi waje, ko ba ɗan leƙen asiri ba ne aikinsu yake yi musu. Kuma ku shirya kamar babu intanet. A Khartum ranar 3 ga Yuni 2019 aka afka wa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja aka kashe sama da mutum 100, aka katse intanet fiye da wata guda, sojoji suka ɗauka shikenan. Kwamitocin unguwanni suka bi gida gida da ƙafa da takarda da rubutun bango, ranar 30 ga Yuni garuruwa suka cika maƙil har sojojin suka dawo teburi.

To a ce an yi sa'a guguwar ta zo, shugaba ya hau jirgi. Ranar ce mafi haɗari, don ranar ce masu kwat da janar-janar za su fito talabijin su ce an gode wa matasa, yanzu a koma gida a bar manya su yi aiki. Sojojin Masar a watan Maris na 2011, wata ɗaya da ɗoriya bayan Mubarak, dokar haramta yajin aiki suka fara kawowa. A Chile an yi yajin gama-gari ranar 12 ga Nuwamba 2019, kwana uku bayan nan jam'iyyu suka kulle kansu a ɗaki suka fito da yarjejeniyar sabon kundin tsarin mulki, ƙarfin titi ya koma jiran akwati, a 2022 aka kayar da daftarin da kusan kashi 62. Don haka kar a rushe kwamiti, kar a daina taron safe ko da an mayar da shi na sati, a haɗa kwamitin wannan masana'anta da na waccan da na unguwa a sami na gari, kuma duk wanda aka ba kujera a gwamnatin riƙon ƙwarya ya sauka daga kwamitin a zaɓi wani. Burkina Faso ta nuna amfanin zama a shirye, an kori shugaba Compaoré a 2014, a Satumban 2015 dakarun fadarsa ƙarƙashin Janar Diendéré suka yi juyin mulki, ƙungiyoyin ƙwadago suka kira yajin gama-gari matasa suka toshe hanyoyi, sauran sojoji suka ga inda iska ta nufa suka doshi babban birni, cikin sati ɗaya abin ya rushe. Ku kuma nemi lambar takwarorinku na wasu ƙasashe masu aiki a kamfani ɗaya ko sana'a ɗaya, ma'aikatan tashar ruwan Durban a 2008 sun ƙi sauke jirgin makamai da aka nufi Zimbabuwe da shi lokacin rikicin zaɓe, jirgin ya bar tashar da kayansa.

Yawancin yajin da za ka yi a rayuwarka dai ba zai kori kowa daga fada ba, zai ƙare ne da rabin abin da kuka nema ko ƙasa da haka, don haka ka koyi yadda ake komawa. In ka ga mutane sun fara zamewa ɗaya ɗaya ta ƙofar baya kar ka jira ya rube, a kira taro a faɗi gaskiya a kaɗa ƙuri'a. A karanta yarjejeniyar da ƙarfi layi layi, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. A shiga tare ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya, waɗanda aka fi sa wa ido a tsakiya. Waɗanda suka karya yajin kar a yi musu duka kar a daina gaisawa da su, a koma littafi a rubuta dalilin kowa, wani bashi ne wani tsoro ne wani ba wanda ya taɓa zuwa ya yi masa magana, wannan na ƙarshen laifinku ne. Kafin a watse a sa ranar mitin na gaba, a ci gaba da karɓar kuɗin asusu daga albashin farko, kuma littafin sunaye da jakar kuɗi kar su kwana a gidan mutum ɗaya.